Mai gadi yana barci, me ya kawo jifan dayis?

Ɗan'uwa, bari in maimaita abin da ka kawo a taƙaice don mai karatu ya san inda aka dosa. Kuna wasan Dungeon World, wasan labari ne da ake yi a tebur inda kowane ɗan wasa ke riƙe da jarumi ɗaya, kai kuma kai ne mai jan wasa, wato mai bayyana duniyar labarin da yanke hukunci. Jarumin ɗaya daga cikin abokanka, mayaƙi, ya shiga ɗakin tsaro ya tarar da mai gadi yana sharar barci, sai ya ce zai yanka shi. Ka ce ya jefa dayis na takun faɗa, wato dokar da wasan ya tanadar wa faɗa, jimillar ta ba da 6, sai ka yanke cewa mai gadin ya farka ya soke shi a cinya. Nan gardama ta kaure. Mai mayaƙin yana cewa mai barci ba ya faɗa. Na biyu ya buɗe littafi yana cewa duk hari sai an yi jifa. Na uku kuwa cewa ya yi ai wasan labari ne, a rufe littafin kawai a yi abin da ya fi daɗi. Rabin sa'a ta tafi a haka, aka tashi ba a ji daɗin juna ba. Kana tambaya wa ke da gaskiya, kuma yaya ake raba irin wannan gardama nan gaba.

Mai mayaƙin ne ke da gaskiya, kuma dokar littafin ce ta ba shi gaskiyar. Wanda ya fi kowa nisa da daidai a cikinku shi ne na ukun, duk da cewa maganarsa ce ta fi kama da ta neman sulhu. Zan zo kansa.

Dungeon World, wanda Sage LaTorra da Adam Koebel suka fitar a 2012, an gina shi ne a kan tsarin Apocalypse World na Vincent Baker, na shekarar 2010. A wannan tsari kowace doka ta 'yan wasa, wadda nake kira taku, gida biyu ce. Gidan farko sharaɗi ne, yana bayyana wani abu da ke faruwa a cikin labarin. Gida na biyu shi ne abin da zai biyo baya: a jefa dayis biyu masu fuska shida, a ƙara makin jarumin, in an samu 10 ko fiye an yi nasara, 7 zuwa 9 nasara ce mai tsada, 6 zuwa ƙasa kuwa magana ta koma hannun mai jan wasa. Mutanen da suka saba da wasu wasannin sukan tsallake gidan farko, su ɗauki sunan takun kamar maɓallin da ake dannawa: akwai wuƙa, akwai abokin gaba, to takun faɗa ke nan. Alhali sharaɗin shi ne rabin dokar da ya fi muhimmanci. In abin da ya bayyana bai faru ba, babu jifa. In ya faru, dole a yi jifa ko da mai jan wasa ba ya so.

To duba takun faɗan da kanka. Sharaɗinsa shi ne ka kai wa abokin gaba hari a gwabzawar gaba da gaba. In kalmar gwabzawa ba ta gamsar da kai ba, sauko ka karanta sakamakon, domin nan ne doka take tona abin da take nufi. A 10 ko fiye, ka yi masa rauni kuma ka kauce wa harinsa. A 7 zuwa 9, ka yi masa rauni shi ma ya kawo maka hari. Dukkan sakamakon biyu suna magana ne a kan harin abokin gaba. Wane hari mai munshari yake kawowa? Dokar tun daga tushe an rubuta ta ne don mutum biyu da ke musayar sara. Marubutan ma ba su bar abin a dunƙule ba, a bayanin da ke ƙarƙashin takun sun faɗa cewa in abokin gaba bai san da kai ba, ko yana ɗaure ba shi da yadda zai yi, wannan ba takun faɗa ba ne, rauninka kawai za ka yi masa ko ka kashe shi kai tsaye, gwargwadon yanayi. Abokinka mai littafi ya karanta layukan da ke cikin akwati, bai karanta sakin layin da ke biye ba.

Akwai wata shaidar a takardar ɓarawo, ɗaya daga cikin nau'o'in jaruman da ɗan wasa ke iya zaɓa. Shi yana da taku na musamman na sukar wanda aka yi wa ba-zata ko wanda ba shi da kariya, kuma an ba shi zaɓi: ko ya yi rauninsa kawai ba jifa, ko ya yi jifa don neman ƙarin riba. Ka ga ke nan rauni ba tare da jifa ba shi ne asali. Wannan hanya ce da nake yawan bi in lafazin doka ya rikita ni, in duba maƙwabtanta. Doka ba ta zama ita kaɗai, waɗanda ke kewaye da ita sukan nuna iyakarta.

Lissafi ma zai nuna maka girman abin da ka ɗora wa mutumin. Dayis biyu suna da faɗuwa iri 36. A ce ƙarfin mayaƙin +2 ne, wanda ba laifi. Zai samu 10 ko fiye a 15 daga cikin 36, ya samu 7 zuwa 9 a wasu 15, ya faɗi a sauran 6. Wato a 21 cikin 36, fiye da rabi, gogaggen mayaƙi da wuƙa a wuyan mai barci zai kwashi wani abu mara daɗi. Ba mamaki abokinka ya ji an zalunce shi.

Amma ban ce ba ka da hujja ko kaɗan ba. Zuciyarka ta gaya maka akwai haɗari a ɗakin nan, kuma kana son a ji shi. Gaskiya ne akwai, sai dai ka ajiye shi a wurin da ba nasa ba. Haɗarin yana tsakanin ƙofa da gadon mai gadi. Mayaƙi ne, mai yiwuwa da sulke a jikinsa, cikin duhu, a ɗakin da bai sani ba. Wannan wasa ba shi da takun sanɗa na kowa da kowa, abin da ake amfani da shi shi ne takun tunkarar haɗari, wanda ke tashi in jarumi ya yi wani abu alhali barazana na gab da shi. Da ni ne a kujerarka, ga yadda zancen zai tafi:

"Yana kwance a kan benci can ƙarshen ɗaki, taku kamar goma daga inda kake. Akwai tulun ƙarfe da kwanuka a warwatse a ƙasa, ga igiyar ƙararrawa tana lilo daidai kansa. Sulkenka kuma yana ƙara. Yaya za ka isa wurinsa?"

"Zan tuɓe sulken a bakin ƙofa in shiga da wuƙa kawai."

"To in ka tuɓe, ba jifa, ka isa. Amma ka sani in wani abu ya taso a ciki, ba ka da sulke. In kuwa da shi za ka shiga, sai ka yi jifan tunkarar haɗari, in ya ɓaci zai farka hannunsa na kusa da igiyar. Wanne ka zaɓa?"

Duk tsoron da kake nema yana nan, kuma ɗan wasan ne ya zaɓi abin da zai saka a caca da idonsa biyu. In ya isa gadon, ya isa, mai gadi ya mutu. Abin da zai biyo bayan gawar, wanda zai zo canjin aiki da asuba, jinin da ya ɓata masa hannun riga, duk naka ne ka yi wasa da su.

Yanzu ga na ukun, mai cewa a rufe littafi. Wannan magana tana da asali, ba daga sama ya ɗauko ta ba. Tun Dungeons & Dragons na farko, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, an ɗauki mai jan wasa a matsayin alƙali, dokoki kaɗan ne, saura shi ke cikewa. A 2008 Matt Finch ya rubuta ɗan littafin da ya yaɗa ra'ayin cewa a tsohon salon wasa hukuncin alƙali a take ya fi dogaro da rubutacciyar doka. A can abin yana aiki, kuma ina jin daɗin irin wannan wasa. Dalilin da ya sa yake aiki shi ne yawancin dokokin can suna auna abubuwan duniyar labarin ne, nisan tsalle, nauyin kaya, ƙarfin ƙofa. In alƙali ya sauya su, ya sauya awo ne kawai.

Dokokin wasannin labari wani aiki suke yi daban. Suna raba bakin magana ne: wa ke da ikon cewa abu kaza ya faru, kuma yaushe. In ɗan wasa ya samu 10, doka ta ba shi sakamakon, kai ba ka da ikon janyewa don kana ganin labarin zai fi armashi in ya faɗi. In ya samu 7 zuwa 9 a takun da ya ce ya zaɓi ɗaya daga jeri, shi ke zaɓa. Hatta babin mai jan wasa a littafin Dungeon World, marubutan sun ce dokoki ne a kanka, ba shawarwari ba. Saboda haka duk ranar da aka ce a rufe littafi don labari, ka tambayi kanka labarin wa. Kusan kullum amsar ita ce na mai jan wasa, ko na wanda ya fi kowa ɗaga murya a teburin. Mai kunya da sabon shiga su ne ke asara, domin dokar ce kawai take tanadar musu rabonsu na magana. A wancan zaman naku shawarar ta zo ta dace da mai mayaƙin, shi ya sa ta yi kama da adalci. Wata rana za ta juyo kansa.

John Harper ya fito da wannan rabon a fili a Blades in the Dark na 2017, kuma ko ba za ka taɓa buga shi ba, ya kamata ka ari dabarar. A can ɗan wasa ne ke da maganar ƙarshe a kan wace ƙwarewa zai yi amfani da ita. Mai jan wasa kuma shi ke da maganar ƙarshe a kan abu biyu: girman haɗarin da jarumin ke ciki, mataki uku, da girman tasirin da aikin zai yi, shi ma a asali mataki uku. Ana faɗin duka kafin a taɓa dayis. Mutum na iya cewa zai buɗe akwatin ƙarfe da ƙarfin tuwo maimakon dabara, ba wanda zai hana shi, sai dai a ce masa to haɗarin ya ƙaru kuma tasirin kaɗan ne, ka yarda? Gardamar "ba wannan dokar ba ce, waccan ce" ta mutu ke nan, domin kowa ya san iyakar gonarsa.

Za ka ji masu Dungeons & Dragons bugu na biyar suna raba fassara gida uku, abin da lafazi ya ce, abin da marubuci ya nufa, da abin da ya fi daɗi a tebur. Jeremy Crawford, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara bugun, ya yi amfani da wannan rabon a amsoshinsa ga 'yan wasa. Yana da amfani a wasan da dokokinsa ke da yawa suna karo da juna. A irin naku ban ga ya cika warware komai ba, don a ganina mafi yawan gardamar da ake kira ta doka a wasan labari ba ta doka ba ce sam.

Na koyi wannan ne a teburina, kuma ni ne mai kuskuren. Wata 'yar wasa ta ce jarumarta za ta finciko yaron da ke shirin faɗawa daga gada. Na ce ta yi jifa, ta ce a kan me, ai miƙa hannu ne kawai. Muka shiga jayayya a kan ma'anar barazanar da ke gab da mutum, har da karanto layi sau biyu. Can wani da ya gaji ya jawo takarda ya ce kowa ya zana inda jarumar take tsaye. Ni na sa ta a bakin gadar, ita ta sa kanta a tsakiya kusa da yaron, domin minti goma kafin nan ta ce ta bi shi, ni kuma hankalina na wajen wani ɗan wasan ban ji ba. Da hotonta, ba jifa. Da nawa, jifa dole. Dukkanmu mun fahimci dokar daidai, an bar jaki ne ana dukan taiki. Tun daga ranar, in murya ta fara tashi, tambayata ta farko ba ta shafi littafi, sai in ce, "Dakata, gaya mini abin da kake gani a ɗakin." Ina zargin ko a naku akwai wannan. Mai yiwuwa kai a ranka mai gadin gyangyaɗi yake yi a zaune da mashi a hannu, shi kuma abokinka ya ji "barci" ya ga mutum a miƙe. In haka ne, laifin na bayani ne, kuma nauyin bayani a wuyan mai jan wasa yake.

Wasan Fate Core na 2013 yana da irin wannan rigimar da ta daɗe. A can ana rubuta gajerun jimloli da ke siffanta mutum ko wuri, kuma ana iya kashe maki a jawo jimlar don samun +2 ko sake jifa. Sai wasu suka ɗauka jimlar ba ta da wani tasiri sai an biya mata. To in an rubuta cewa an sa wa jarumi ankwa, zai iya hawa igiya da hannu biyu matuƙar ba wanda ya kashe maki? A'a. Jimlar gaskiya ce a cikin labarin ko an biya ko ba a biya ba, makin yana sayen ƙarin lamba ne kawai. Littafin ma ya ba da ƙa'idar cewa a fara tantance abin da ake son cimmawa a labarin, sannan a nemi dokar da za ta taimaka. Lura da tsarin: ba a ce a jefar da doka ba, an ce a san abin da ke faruwa tukuna.

Ba na musun cewa akwai wuraren da lafazin kansa ke da faɗi. Takun sasantawa a Dungeon World misali ne mai kyau, kuma ina tabbatar maka za ku yi karo da shi. Ba ya tashi sai jarumi yana da abin riƙo a kan wanda yake magana da shi, wani abu da mutumin ke so ko yake gudu. Zaƙin baki kaɗai ba abin riƙo ba ne. To wuƙa a wuya fa? Ga ɗan kasuwa matsoraci, ƙwarai. Ga wanda ya riga ya sallama ransa saboda aƙidarsa, ko kusa. Littafi ba zai iya yanke maka wannan ba, sai wanda ya san mutumin, wato kai. Abin da ke kanka shi ne kada ka ɓoye. Ka ce, "Ka ga idonsa, wannan ba ya tsoron mutuwa. Amma tun ɗazu yake satar kallon ƙofar da ƙaninsa ke tsare." Ka hana jifar, kuma ka nuna hanyar da za a same ta.

Game da yadda za a hana gardama cinye zama, abin da nake yi ba shi da yawa. Mafi girmansa shi ne komai a gama shi kafin dayis su bar hannu, me kake son cimmawa, ta yaya, me zai faru in ya ɓaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan an ga lamba kowa ya zama lauyan kansa, wanda ya samu 6 zai tuna dalilai goma da suka sa bai kamata a yi jifar ba, kuma ba za ka iya bambance mai gaskiya da mai neman mafita ba. Vincent Baker tun a Dogs in the Vineyard na 2004 ya kafa ƙa'idar cewa in babu abin da ke cikin haɗari, ka amince kawai, in akwai, a jefa dayis. Luke Crane kuma a Burning Wheel yana da dokar cewa sakamakon jifa yana nan daram har sai yanayi ya sauya sosai, ba a maimaita jifa a kan abu ɗaya. Wannan ta biyun tana kare 'yan wasa daga mai jan wasan da zai sa a yi jifan sanɗa a ƙofa, a sake a tsakar ɗaki, a sake a bakin gado, har sai an faɗi.

In duk da haka saɓani ya taso a tsakiyar wasa, ina ba shi minti biyu. Kowane ɓangare ya faɗi nasa sau ɗaya, a karanta takun da ƙarfi tun daga sharaɗinsa, in yanke. In ni kaina ina shakka, ina yankewa ne ta wajen ɗan wasa, saboda ni ina da duniya guda ta matsaloli da zan iya jefo masa nan gaba, shi kuwa jarumi ɗaya gare shi. Sai in rubuta batun a gefen takarda, mu tattauna bayan an tashi, lokacin da ba ran jarumin kowa a kan layi. Abin da aka amince a nan ya zama dokar teburin, a rubuce.

Sai dai ka gaya musu tun yanzu cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. In an yarda wanda aka ritsa yana barci ba shi da kariya, to ranar da jarumai suka kwana a daji ba mai tsaro, su ma haka ne. Bambancin kawai shi ne dokokinka sun ɗora maka nuna alamar haɗari kafin ka sauke shi, sawun da aka gani da yamma, karen da ya yi haushi ya yi shiru. In sun gani sun share, abin da ya same su halal ne.

Abokinka mai littafi kuma kada ka mayar da shi abokin gaba. Irinsu sau da yawa sun taɓa zama a teburin da mai jan wasa ke juya doka yadda ya ga dama, shi ya sa suke riƙe lafazi kam-kam. Ba shi aiki. Duk lokacin da za a yi taku, shi zai karanto shi, amma da sharaɗin ya fara daga kalmar farko ya haɗa da bayanin ƙasa. Cikin zama biyu ko uku zai zama shi ne mai cewa, "Tsaya, wannan sharaɗin bai cika ba."

A zama mai zuwa, kafin a fara, ka ce musu ka koma ka karanta, jifar nan ba ta kamata ba. Ba ya rage maka komai. Sannan ka ba mai mayaƙin zaɓi: ko a koma bakin ƙofa a sake shigar da bayanin ɗakin a fili, ko a bar abin da ya faru a matsayin ya faru in labarin ya riga ya yi nisa a kansa, ka mayar masa da makin lafiyar da ya rasa, sukar ta zama ƙwarzane a sulke. Makin gogewa ɗaya da doka ke bayarwa ga duk wanda ya samu 6 zuwa ƙasa kuwa, ko wanne ya zaɓa, ka bar masa abinsa.